Tagogin Inna Kulu

Duk wadda ta taɓa zama tabarma ɗaya da Inna Kulu, in ta koma gida ta juya bakin zanenta ta duba. Akwai wani ɗan gurbi daga ciki, wajen kalmasa, bai fi faɗin yatsa biyu ba, kuma ba ɓera ne ya ci ba. Kuna dariya, ai kun san gaskiya na faɗa! Ɗan almakashin nan nata mai baƙin hannu kullum yana ƙulle a gefen zanenta tare da goro. Za ta riƙe hannunki da dama tana jero gaisuwa, ina gajiya, ina yara, ina maigidan, hagu kuwa tana can ƙasa tana aiki. Sai dai ki ji ƙaras!

"Haba Inna, sabo ne fa!"

"Shi ya sa na yi sauri, kafin sabulu ya riga ni."

Ga waɗanda aiki ya kawo Dogon Dutsi daga baya, Inna Kulu yayar mahaifiyata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, 'yan Kiyeshe. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mahaifiyata Balki ta rasu ina budurwa, ita ta ɗauke ni, a ɗakinta aka yi mini aure, kuma har na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, da 'ya'yana ba ta taɓa kirana Rabi ba. Ɗiyar Balki, shi ke nan. In ta so tsokana ta ce Madam.

Sana'arta kuwa, har ta koma ga Allah ba a samo mata suna ba. Kwalba take tsinta. Gindin kwalbar lemo, kwalbar maganin tari, ta turare, fasasshen kofin shayi, duk wanda ta gani a bola sai ta duƙa. Ta ƙwanƙwasa shi a haƙori tukuna, in roba ce ta yi tsaki ta jefar. Da safe ta jera su a tagar ɗakinta ta gabas, ta shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ta zauna tana kallon launin da rana ta zubo. Daga nan ta buɗe buhun ƙyallayen da ta yanko a jikinku, ta zaɓi masu kama da abin da ta gani, ta harhaɗa su da siririn baƙin ƙyalle a tsakani kamar tsagar gilashi. Farin yadi marar kauri a baya, a tsakiya kuma tsohon gidan sauro, don haske ya samu hanya. Ba ta taɓa sayen sabo ba. Duk gidan sauron da ya yage a unguwarmu a ɗakinta yake ƙarewa, zare ma daga tsofaffin riguna take warwarowa. Da hannu take ɗinki, ɗis-ɗis, kuma in ta gama abin bai fi faifai girma ba. Ita taga take ce musu. "Na gama taga," in ji ta, sai ka ce magini.

Abu ɗaya ne almakashin nan bai samu ba a garin nan, shi ne zanen mahaifiyata. Ba ni da hotonta, ba ni da ko ɗan kunnenta, zanen nan kaɗai ya rage mini. Wani launi gare shi, ba shuɗi ba, ba kore ba. Tun ranar da aka raba kaya ya faɗo hannuna Inna Kulu ta sa masa ido.

"Ɗiyar Balki, yatsa biyu kaɗai."

"Ko zare ɗaya, Inna."

"To ki aje. Abin da anka ɓoye ma rana, gara anka aje ma."

Wannan maganar kun sha jin ta, ko kuɗi mutum ya ɓoye, ko ciwo, ko budurwa. Ni kuwa na ninke zanena na sa a akwatin katako na kulle, da na yi aure na tafi da shi, na tura shi can ƙuryar ɗakin ajiya bayan buhunan hatsi. Ko buɗewa ba na yi, don matar nan tana jin ƙarar kwaɗo daga unguwa uku.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne mijinta, Malam Illa. Ga shi nan da ransa, in ƙarya nake ya faɗa. Wata Sallah ya ɗinka shadda ruwan ƙasa, mai ƙyalli, irin launin kwalbar maganin tari sak. Ya san halin matarsa, don haka ya duba wuya, ya duba hannu, ya duba bakin riga, lafiya lau. Ya zuba goro a aljihu ya nufi idi yana taƙama. Ana cikin gaishe-gaishe ya sa hannu zai ba abokai goro, hannu ya zarce har gwiwa. Da ya waiwaya, ga yara a bayansa suna tsinta tun daga ƙofar gida.

Ya dawo yana huci. "Kulu! Mi na yi miki?"

"Malam, aljihu wa ke ganinai?"

"Goro ya gani!"

"To ai sadaka ka yi ranar Sallah. Ni na yanka, kai ka samu lada, kuma kai ke faɗa."

Daga wannan ne mutanen gari suka yi dabara. Duk wanda ya kai ɗinki sai ya ce wa tela ya ajiye masa guntun da ya rage, har teloli suka sa masa suna rabon Inna. Za ki zo gidanta da sabon zane, ki miƙa guntun tun daga zaure kamar mai biyan kuɗin hanya. Ta karɓa hannu biyu, ta sa albarka, ta ce zauna. Kina zama, ƙaras! In kika yi magana ta ce, "Wanga kyauta ce, na gode. Wancan kuwa sana'a ce."

Tambayar da ta fi ƙona mata rai ita ce mene ne amfaninsu. Ba bargo ba, ba darduma ba, ko jariri ba za su rufe ba. Akwai matar wani babban ma'aikaci da aka kawo garin nan, Hajiya ce mai kirki, ta ga ɗaya a ɗakina ta rikice, ta sa na raka ta wurin Inna. Ta ce tana son irinsa amma babba, na shimfiɗa a gado.

"A gado?" in ji Inna. "Ki kwanta bisa taga?"

"To Inna, wannan ƙaramin me za a yi da shi?"

"Hajiya, bakan gizo wa ya taɓa rufa da shi? Amma in ya fito har mai daka tana aje taɓarya."

Ba ta sayar mata ba, kyauta ta ba ta wata mai ja da ruwan ɗorawa, ta ce a rataya inda rana ke fitowa. Bayan wani lokaci muka je gidan Hajiyar barkar haihuwa. Muna shiga falo, ga tagar Inna an rufe ƙwaryar fura da ita, har da ludayi a sama. Wayyo, na ce yau za a yi ta. Inna ta nemi wuri ta zauna. Ta yi barka, ta ɗauki jariri ta yi masa wasa, ta sha furar ma. Washegari ta koma da sabon faifai a hammata, ta ɗage tagarta ta ɗora faifan, ta ce, "Hajiya, ga mai aikin nan na kawo miki. Waccan ba ta iya ba." Kuma kafin ta fito sai da leshin Hajiya ya ji ƙaras.

Shekarar da wata motar fasinja ta fasa gilashin gaba a tasha, nan ne dangin Malam suka ce abin ya wuce wasa. An ga Inna durƙushe a tsakiyar hanya da tire, 'yan kabu-kabu suna kauce mata, tana tsintar ɓaraguzai tana ɗagawa sama tana dariya ita kaɗai. Suka ce iska ce, ba shakka. Aka aika Dumega aka ɗauko wata tsohuwa mai bori, Azumi, ta zo da baƙin saƙi da jan ƙyalle a kafaɗa. Inna ta yi mata shimfiɗa, ta kawo ruwa, ta zauna kusa da ita. Kusa ƙwarai. Ni da na ga zaman na san inda za a ƙare.

Azumi ta sa turare ta ce, "Kulu, in kin duba kwalba mi kike gani?"

"Duniya, amma wadda anka wanke."

"Akwai mai yi miki magana a kunne?"

"Akwai. Illa. Safe da marece."

"Ba shi nike nufi ba."

"To karɓi ki duba da kanki."

Ta miƙa mata gindin koriyar kwalba. Tsohuwa ta kanne ido ɗaya ta ɗaga kai wajen dutse. Har turare ya mutu ba ta sauke ba. Can sai muka ji ƙaras! Azumi ta zabura ta janye jan ƙyallenta ta duba, ta dubi Inna, ta dubi dangin Malam da suka yi jugum.

"Ku tashi ku ba mutane wuri," in ji ta. "Wagga ba ta da iska. Iska na da kunya. Tun ina yarinya nike tare da doguwa, ba ta taɓa yanke mini zane ba."

Ta hau kabu-kabu ta koma Dumega. Sai da ta tafi muka lura gindin kwalbar ma ya bi ta.

Da girma ya zo, yanar ido ta rufe mata gani. Muka yi lallashi, muka yi faɗa a kan a yi mata aiki, ta ce sam. "Allah ya sa mini gilashi kyauta, ku ce in je a cire? Yanzu ko fitila na duba sai in ga ta yi rawani." Zare sai ta laluba, allura sai an zura mata, amma ba ta yarda ba. Abin da ya karya ta, wata rana maƙwabciyarta ta shigo da sabon atamfa. Aka zauna, aka yi gaisuwa, ƙaras, baƙuwa ta tafi. Inna ta fito da abin da ta samu tana murna, ta kai shi dab da hanci, ta juya shi, ta shafa gefen cinyarta. Nata zanen ta yanka.

Ta ajiye guntun. Sannan ta ce, "Ɗiyar Balki, yaushe kunka ce masu aikin idon nan za su zo?"

Ranar da za a cire mata bandeji ni da Malam muka tsaya a kanta. Almakashi dai mun karɓe tun ranar aikin, saboda na ga yadda take shafa koren yadin da aka rufa mata. Likita ya ɗaga auduga a hankali. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta sauke ido a kan Malam.

"Wane ne wanga tsoho?"

"Mijinki ne, Inna."

"Illa? Ina haƙoranka sunka tafi?" Ta juya wajen likita. "Ɗana, maida mini abina. Ban shirya ba."

Har masu jinya na gadon gefe sai da suka riƙe ciki. Muka dawo gida muna dariya, amma dariyar ba ta kwana ba. Akwai wata taga da ta daɗe tana yi, ta ajiye ta ɗauko, ta fi sauran kyau nesa ba kusa ba, kuma ba ta taɓa cewa ta gama ta ba. Da na zo da safe na tarar ta warware tsakiyarta, ta bar rami kamar tafin hannu, ta rataye ta haka nan.

"Inna, me ya faru? Ai ta yi kyau."

"Ƙarya idona ya yi mini. Na ɗauka na samu launin, ashe ban samu ba." Ta buga tabarma. "Zauna. Ba ni da almakashi a hannu, zauna."

Na zauna, nesa kaɗan dai. A nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Suna yara a Kiyeshe, sun je itace, Balki ta tsinci gindin wata kwalba a cikin rairayi, Allah kaɗai ya san matafiyin da ya yar. Ba shuɗi ba, ba kore ba. In ka duba ta ciki, gonar da ta ƙone sai ta yi kamar an yi ruwa jiya. Suka ɓoye ta, kullum su je su duba. "Uwarki ƙarama ce amma ga rowa," in ji Inna. "Kullum ita ce farko, wai ita ta tsinta. In ta ba ni, kafin in daidaita ido ta ce lokaci ya yi." Wata rana suna ƙwace-ƙwace a bakin rijiya, kwalba ta faɗa ciki. Suka yi wata guda ba sa magana. Bayan duk sun yi aure, Balki ta ga zanen nan a kasuwa, ta saya, ta ɗauro shi ta zo har gidan Inna ta tsaya a tsakar gida cikin rana ta ce, "Yaya, duba. Na tsamo ta."

"Tun da ta tafi nike bin bola," in ji Inna. "Na duba kwalba ta fi gashin kaina. Babu."

Wallahi labarin ya taɓa ni. Amma zuciya ba ta da kunya, na ji har yanzu ba zan iya ba. Na ce, "Inna, zan nuna miki ki gani da sabon idonki. Gani kawai. Almakashi ya zauna wurin Malam."

"Na yarda."

"Ki rantse."

"Madam, ke da ɗalibanki. Na ce na yarda."

Da hantsi ta zo gidana, Malam ya aiko da saƙo cewa almakashi na aljihunsa, wanda ba a yanke ba. Na janye buhuna, na jawo akwati, na ji ya yi nauyi ta gindi. Na buɗe kwaɗo na ɗaga murfi. Ƙasa. Jar ƙasa cike da hanyoyi, gara ta shigo ta bango ta huda katako ta yi gari a ciki. Na sa hannu ina tonawa kamar mahaukaciya, abin da na ɗago bai kai ɗankwali ba, shi ma duk huda. Na zauna daɓas na fasa kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da gawar mahaifiyata. Ina jira Inna ta faɗi maganar nan tata, don ranar faɗinta ke nan.

Ba ta faɗa ba. Ta karɓi guntun daga hannuna, ta kaɗe shi a hankali, ta hure ƙasar, ta fita tsakar gida ta ɗaga shi sama da hannu biyu. Na biyo ta. Rana ta bi ta cikinsa ta sauka a fuskarta, launin nan, yana nan bai mutu ba. Hawaye na bin kuncinta, ta sabon idon da tsohon duka. Can ta ja hanci ta ce:

"Kin ga gara, ko sallama ba ta yi miki ba. Ni ko da gaisuwa nike yi."

Ina kuka dariya ta ƙwace mini. Sai ta sa hannu cikin ɗaurin ɗankwalinta ta zaro wani almakashi. Na biyu! Ashe tun fil azal biyu ne. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta juya shi ta miƙo mini ta wajen hannun.

"Ke za ki yanka, ɗiyar Balki. Uwarki ce. In ba ki so, mu ninke mu mayar."

A iya sanina ranar ce kaɗai Inna Kulu ta nemi izinin wani. Na zaɓi inda ya fi lafiya, na yanka.

Ba ta toshe hudojin gara ba. Kowace sai da ta bi gefenta da zare ta ɗaure, ta ce su ma sun yi aiki, a bar musu shaidarsu. Da ta gama ta kawo gidana da kanta da sassafe, ta sa Malam ya buga ƙusa a tagata ta gabas tana yi masa faɗan ya karkace. Muka zauna muna jiran rana ta hau katanga. Da ta hau, ja da kore da ruwan ƙasa suka zubo kan tabarma, shaddar Malam, jan ƙyallen Azumi, leshin Hajiya, zannuwanku duka, ga na mahaifiyata a tsakiya. Na matsa zan duba da kyau, Inna ta tare ni da hannu.

"Dakata. Yau ni ce farko." Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Balki, sai ki yi haƙuri, lokaci bai yi ba." Da ta gaji don kanta ta ce, "Na gama taga."

Ba ta sake ɗinka wata ba. Bayan an gama girbi ta kwanta, ciwon bai daɗe ba. Matan da suka yi mata sutura sun ce da aka kawo likkafani sai da wata ta duba gefensa, suka yi dariya suna share hawaye. Malam ya hana a gyara aljihun shaddar nan, tana rataye a ɗakinsa. Ni kuwa kowace safiya, kafin in tafi lakwal, nakan ɗan zauna a tabarma har launin ya iso ƙafata.

Ku da ta yanka wa zane, don Allah ku yafe mata yatsa biyun nan. Allah ya jiƙan Inna Kulu, ya yafe mata kurakuranta. Yadda ta yi rayuwarta tana nema wa haske hanya, Allah ya haskaka makwancinta, ya buɗe mata tagar Aljanna. Ya haɗa ta da Balki, su duba tare, ba mai cewa lokaci ya yi. Amin.